Na Yi Ta Tambayar Magani, Na Manta Da Taba

Jama'a, akwai wani yayana, ɗan baffana, mazaunin Kubwa a nan Babban Birnin Tarayya, wanda shekara bakwai ke nan yana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ko da yake an kafa dokar hana tsangwamar masu wannan cuta tun 2014, har yau bakin mutane bai ji labarin dokar ba.

Duk Lahadin da na sami sarari nakan je gaishe shi, kuma tambayata guda ce: "Yaya, ana dai shan magani?" Sai ya nuna mini kwalbar a kan taga. Haƙiƙa bai taɓa tsallake rana ba, har likita ya shaida masa cewa ƙwayar ta kwanta, awo ba ya ganinta a jini. Da haka sai in koma gida ina murna. Alhali kuwa kusa da kwalbar nan akwai kwalin sigari, wani lokaci ma ni da kaina ke tsayawa wurin mai tebur in sayo masa kara biyar, wai don in faranta masa rai. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma ban taɓa jin mai tebur ya ce mini babu ba.

Aiki ne ya farkar da ni. An ba ni rubuta rahoton ranar 1 ga Disamba, Ranar Ƙanjamau ta Duniya, na soma da adadin da Shugaba Buhari ya bayyana a Abuja cikin Maris 2019, wato kimanin mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da ƙwayar a Nijeriya. Ina cikin tone-tone sai na ci karo da binciken da likitocin ƙasar Danmak suka buga a 2013. Sun gano cewa a inda ake samun magani sosai, taba na cinye wa mai cutar kusan shekara 12 na rayuwarsa, ita kuwa ƙwayar wajen shekara 5. Magani ya rufe wata ƙofa, taba ta buɗe ta ciwon zuciya da sankarar huhu da tarin fuka. Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin karan da na sayo.

Da na koma na ce masa, "Yaya, don Allah me ya sa ba ka fita?" Ya daɗe bai tanka ba, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, in fita in je wurin wa?" Ashe ya bar majalisarsu, ya rufe shagonsa, barci ya ƙaurace masa, labule a sake dare da rana, taba ce kaɗai abokiyar hirarsa. Mu a gida cewa muke yi ya rasa tawakkali. Likitoci kuwa suna kiran wannan ciwon damuwa, sun ce ya fi yawa a tsakanin masu wannan cuta, kuma shi ne kan sa mutum wata rana ya ajiye maganin ɗungum. Da ƙyar na shawo kansa ya faɗa wa likitansa, aka haɗa shi da mai ba da shawara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Muka fara da Tabkin Jabi, inda mutanen Abuja ke taruwa da sanyin safiyar Asabar, don can ba wanda ya san shi. Ran farko ko minti goma ba mu yi ba tari ya sarƙe shi, ya zauna a gefen hanya yana yi mini faɗa. Yanzu yakan yi rabin sa'a, bayan sallar asuba kuma yakan zaga unguwa shi kaɗai. Taba ta sauko daga kwali zuwa kara uku, bai dai rabu da ita ba tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce na jira shi a Jabi bai zo ba. Na bi shi gida na tarar labule a sake kamar da. Na zauna ban ce uffan ba, ban kuma zo da kome a aljihu ba. Can da hantsi ya ce in duba ƙarƙashin gado in miƙo masa takalminsa.