Daga Faransa Zuwa Jamus da Tikitin Cikin Gari

A tsakiyar birnin Sitarasbug na hau jirgin ƙasan cikin gari, layin D, ban sauka ba sai garin Kel, cikin Jamus. Tun 2017 layin yake haye kogin Rayin. Matan da ke kusa da ni sayayya za su, don sabulu da man shafawa sun fi araha a ƙetare. Amma fa kada fasfo ya bar aljihu, 'yan sandan Jamus kan duba takardu.

Yankin Alzas, inda Sitarasbug yake, ya sha sauya hannu. Sarki Luwi na 14 na Faransa ya karɓe birnin Sitarasbug a 1681, Jamus ta ƙwace shi a 1871, Faransa ta maido da shi a 1918, sojojin Hitila suka shigo a 1940, aka fatattake su a 1944. Dattijon da aka haifa a 1865 ya sauya ƙasa sau huɗu bai bar ƙofar gidansu ba. Har yau allunan tituna harshe biyu ne, Faransanci da yaren Alzas.

Babbar majami'ar birnin da jan dutse aka gina ta, hasumiyarta mita 142, an gama ta a 1439. Ciki kuwa cunkoso ne, kowa na jiran ƙarfe 12:30 ya ga zakaran agogon majami'ar ya yi cara. Ni unguwar majema ta fi riƙe ni, wadda ake kira Ƙaramar Faransa. Ka ɗaga kai ka ga rufin gidajen da ƙofofin iska a jere, inda ake shanya fatu a da. Yanzu sai furanni da gidajen abinci. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, naman alade ba ya wuya a girkinsu.

Da la'asar na nufi Babban Masallaci, bakin kogin Il, mai ƙubbar tagulla, ba hasumiya. An buɗe shi a 2012, kuma hukumomin yankin sun sa kuɗi a gininsa, abin da wata doka ta 1905 ta hana a mafi yawan sauran Faransa. Lokacin da aka yi dokar, Alzas na hannun Jamus, da ta dawo kuma ba a ɗora mata ba. Har gobe gwamnati ce ke biyan albashin malaman coci da na Yahudawa a nan. Limamai ba sa cikin lissafin.