Baƙo da Mai Masauki a Kwamfuta Ɗaya

Wata ɗalibar Hausa a Yamai ta ɗora Ubuntu cikin VirtualBox a kan kwamfutarta mai Windows, domin a can hannunta ya saba da buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ta kwana tana rubuta hirar da ta yi da kakarta kan karin magana, ga malami yana jiran aikin washegari. Da ta kwafi rubutun za ta kai shi Windows, sai ya ƙi tsallakawa.

Dalili kuwa, tsarin da ke ciki baƙo ne, na waje mai masauki, kuma abin da aka kwafa ba ya ratsawa tsakaninsu sai an girka Guest Additions a cikin baƙon. Ta shiga Devices, ta saka faifan da manhajar ta tanada, ta gudanar da VBoxLinuxAdditions.run da izinin mai kula. Aikin ya tsaya, saboda babu gcc da make. Ta sauko da su, ta maimaita, ta sake kunna Ubuntu, sannan ta mayar da Shared Clipboard zuwa Bidirectional.

Maganganun kakarta suka tsallaka, haruffa masu lanƙwasa suna nan daram. Ta miƙa aikin kafin azahar.