A Jamus Haske Ma Yana da Mudunsa

A watan Disamba yini ba ya cika awa 8 a Berlin, kuma mafi yawansa gajimare ne a sama. Mutanen da Allah ya rage wa rana haka, ba mamaki don sun mai da hasken fitila abin awo kamar hatsi. Ma'auninsu shi ne luks, wato yawan hasken da ya sauka a kan abu, ba wanda ƙwan lantarki ya fitar ba. Tsakar rana a Kano hasken yakan kai luks 100,000, na farin wata kuwa ko luks ɗaya bai cika ba.

Ƙa'idar wuraren aiki ta nan Jamus, ASR A3.4, ta yanke wa teburin rubutu da karatu aƙalla luks 500, hanyar wucewa cikin gini kuma 50. Mai awon yakan ajiye na'urarsa santimita 75 daga ƙasa, daidai inda takarda ke zama, sannan ya ja da baya kada inuwarsa ta ɓata lissafi. Ba wuri ɗaya yake aunawa ba, sai ya bi ɗakin lungu-lungu, don ƙarƙashin ƙwai kowa ya san da haske.

Su kansu na'urorin aji-aji ne: L, A, B da C. Kuskuren ta ajin L ba ya wuce kashi 3 cikin ɗari, ta ajin C an yafe mata har kashi 20. Abu biyu ke raba ta ƙwarai da ta banza. Na farko matacin da ke sa ta ga launi yadda idon ɗan Adam ke gani, domin ido ya fi jin kore mai sirkin rawaya a kan shuɗi da ja. Idan matacin ba shi da kyau, ƙwan LED, wanda shuɗinsa ke da yawa, sai ya ruɗe ta. Na biyu farin murfin da ke kanta, mai daidaita hasken da ya faɗo a karkace. Manhajar waya duk ba ta da tabbacin waɗannan, shi ya sa wayoyi biyu a tebur ɗaya sukan ba da amsa biyu. Kamfanin Gossen na Nuremberg ya yi suna a wannan sana'a, sai dai kuɗin kayansa ba na talaka ba ne.

Mu a gida ƙwan muke kallo, ba teburin ba. Mai saye ya ce, "Wat nawa ne?" Mai shago ya kunna masa a fuska, ido ya kashe, ciniki ya faɗa. Alhali wat wutar da ƙwai ke sha ce kawai, kuma idan aka ninka tazararsa da tebur, hasken da ke sauka yana komawa kusan rubu'i.

Ban ga laifin iyayenmu ba. Mai ɗinkin hula da marubucin allo a bakin zaure suke zama, inda ko inuwar ta ninka ofishin Bajamushe haske sau da yawa, kuma kyauta. Abin da ya canza shi ne aiki ya koma cikin shago da cikin dare. Tela yana kwana a kan keke daren jajibirin Sallah da ƙwan sola guda a can saman rufi, ungozoma tana ɗinki da fitilar waya. Ido kuwa mugun alƙali ne a nan, don yana sabawa da duhu ya ce maka lafiya lau, sai ciwon kai ya biyo baya. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ce a wadata ma'aikata da haske, amma wadata ba tare da awo ba, kowane mai gida da tasa.

Ba sai mun sayi ta ajin L ba, wannan ta ɗakin bincike ce. Jamusawan ma ta ajin C suka amince da ita wajen duba wurin aiki. Irinta guda ɗaya ta ishi ƙungiyar teloli ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma su zagaya da ita, kuma ɗakin haihuwa ya kamata a fara aunawa.