Uwargida, Zo Mu Zaga Dawakin Tofa



Bari in fara da tambaya. In kika ce wa ɗanki ya lissafa miki wurare biyar na ban sha'awa, me zai ce? Na san zai ambaci Dubai da Landan, wataƙila har da filin ƙwallon wata ƙungiya ta Turai. To, ce masa ya faɗi biyar a ƙasar da kakansa yake noma, sai ki ga ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne, ba a nuna masa ba. A ƙauyukan Ingila, ko tsohuwar rijiya ce sai a kafa mata allo a rubuta tarihinta. Mu kuwa allonmu bakin tsofaffi ne, ga shi kullum ƙasa tana rufe musu ido. Shi ya sa yau nake so mu zaga Dawakin Tofa, arewa maso yamma da birnin Kano, ki ga abin da za ki iya nuna wa yaranki a wuni guda.

In kin fito daga birni kin kama titin Katsina, zangonki na farko shi ne Dawanau. Mutane da yawa suna zaton unguwa ce ta birni, alhali cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa take. Nan ne kasuwar hatsin da ake sa ta a sahun gaba a duk Afirka ta Yamma. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo, tsamiya, ga su nan buhu kan buhu. 'Yan kasuwa suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, manyan motoci suna lodi ba dare ba rana. Zoɓon nan da kike jiƙa wa yara, daga nan ake ɗaukarsa har ƙasar Meziko, riɗi kuma ya nufi Japan da Turkiyya. Ki tsaya da yaro gaban mai awo, ya tambayi kuɗin kwano da kuɗin buhu, ya yi lissafi da kansa. Yaron da ya ga ɗan dako yana gumi a ƙarƙashin buhu zai rage zubar da tuwo.

A Dawanau ɗin kuma akwai asibitin masu taɓin hankali. Kin sha jin yara suna tsokanar juna da cewa "sai an kai ka Dawanau". Ga dama ta samu, ki gaya musu cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar zazzaɓi, ana shan magani a samu sauƙi, kuma waɗanda ke kwance a ciki iyayen wasu ne da 'ya'yan wasu. Ba wurin kallo ba ne, addu'a ake yi a wuce.

Daga nan sai gonaki. Kada ki bari yara su duƙufa kan waya a wannan tsakanin, domin abin kallon yana bakin hanya, wajen Tumfafi da Kwa. Ki lura, gona tana manne da gona, gida yana hango gida, da wuya ki ga daji. Ƙasar nan duk shekara ake nome ta ba hutu, amma ba ta gaza ba, saboda takin dabbobi da tokar murhu da sharar gida da ake kai mata tun zamanin da jakuna ke kwaso taki daga birni. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, tun shekarun 1960 ya yi ta nazarin wannan noma na kewayen Kano, don ya gane yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga 'yar ƙasa kaɗan.

Itatuwan da ke tsaye cikin gonakin ma da gangan aka bar su. Nuna musu kuka mai ba mu miya, da ɗorawa wadda daga kalwarta ake yin daddawa, da kanya, da tsamiya. Sai gawo, mai abin mamaki: da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

Sai ki ratse zuwa cikin garin Dawakin Tofa. Garin hakimi ne, kuma an daɗe ana danganta hakimcinsa da sarautar Madakin Kano ta gidan Yolawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. A nan kuma makarantar sakandaren kimiyya ta maza take, wadda aka buɗe a 1977 tare da takwararta ta Dawakin Kudu. Likitoci da injiniyoyi da yawa a nan suka fara. Ko daga bakin ƙofa ɗanki ya hango ta, kin dasa masa wani buri.

In da sauran rana, akwai Ganduje, mahaifar Dakta Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi gwamnan Kano daga 2015 zuwa 2023. Akwai kuma Tattarawa, inda dakarun Kano suka gwabza da na Damagaram a zamanin Sarkin Kano Alu, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903. Ba za ki tarar da allo ba. Dattijo za ki nema a gindin bishiya, a gaishe shi da ladabi, a roƙe shi ya ba yara abin da ya ji daga iyayensa.

Shawarata, ki yi magana da maigida ku sa rana da kaka, bayan an yi girbi, lokacin da hanya ta bushe, rumbuna suka cika. Ku fita da sassafe da ruwa da ɗan guzuri, da goro ko sabulu na gaisuwa. In kuna da dangi a can, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga zumunci ga ilimi. Kowane yaro ya riƙe littafi da biro, ya rubuta sunan gari uku, itace uku, da labari ɗaya da ya ji daga bakin tsoho. In kun dawo, ki sa su karanta wa babansu bayan sallar isha'i, sannan ki adana littafin cikin akwatinki.

Ke kuma da ba 'yar wannan yanki ba, garinku ma yana da nasa. Ki fara tambaya tun masu ba da amsa suna raye.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.