Wa Ya Fara Ɗanɗana Maganin?

Ranar wata Juma'a da daddare, muna tsaka da duba littattafan ɗalibai, sai ga wayar ɗan marigayi ƙaninmu da ke karatu a Ingila. Bayan gaisuwa ya ce, "Baffa, shawara nake nema. Ana neman masu ƙoshin lafiya da za a gwada sabon magani a jikinsu, za a kwantar da mu kwana goma kuma a biya mu. Kuɗin haya ya sha kaina." Muka yi shiru har ya ɗauka wayar ta katse. Yaron nan amana ne a hannunmu, ga shi kuma ba mu da abin da za mu tura masa. Muka ce ya ba mu mako guda.

Abin da ya fara faɗo mana a rai shi ne Kano ta 1996. A lokacin annobar sanƙarau ta wannan shekara kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To amma waɗancan yara marasa lafiya ne, kuma ba su suka kai kansu ba. Namu kuwa baligi ne, lafiyarsa ƙalau, da ƙafarsa zai je.

Da muka bincika sai muka gane cewa akasarin magungunan zamani ta haka suke bi. Bayan an gama da dabbobi, sai a nemi mutane 'yan kaɗan, galibi ba su kai ɗari ba, a ba su ɗan mitsitsi, ana ƙarawa sannu a hankali. Ba waraka ake nema a wannan mataki ba; so ake a ga yadda jiki zai karɓi maganin, da iyakar abin da zai iya ɗauka. Wato dai mai lafiya ba ya ƙaruwa da komai a jikinsa, haɗarin kuwa nasa ne shi kaɗai.

Haɗarin kuma ba tatsuniya ba ne. A watan Maris na 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, an ɗura wa samari shida wani magani mai suna TGN1412, kowa da alkawarin fam 2,000. Abin da aka ba su ya gaza wanda birai suka ɗauka lami lafiya har sau 500, amma cikin 'yan sa'o'i dukkansu suna kwance rai a hannun Allah. Sun rayu, sai dai ɗayansu ya rasa yatsun hannu da na ƙafa. Babban kuskuren shi ne an yi musu allurar a jere, mintoci kaɗan tsakani. Daga nan aka tsananta ƙa'idar fara ba mutum ɗaya, a jira a gani. Duk da haka, a 2016 wani ya mutu a irin wannan gwaji a birnin Rennes na Faransa.

Har mun yanke shawarar hana shi, sai muka tuna da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, R21, wanda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Kafin ya iso gare mu, akwai masu lafiya a Ingila da suka miƙa hannu sauro biyar masu ɗauke da cutar suka cije su da gangan, don a ga ko allurar za ta kare su. Ba su san Argungu ba, ba su san Yawuri ba. Mu da muke binne yara kowace damina saboda zazzaɓi, da wane baki za mu ce aikin banza ne? Ashe mun daɗe muna shan inuwar bishiyar da ba mu san wanda ya dasa ba.

Abin da ya rage yana damunmu shi ne kuɗin. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta ce dole mutum ya amince da kansa, ba tare da tilas ba. To, wanda mai gida ke ƙwanƙwasa wa ƙofa, yardarsa ta zuci ce, ko yunwa ce ta sa hannu a takarda?

Da mako ya cika muka kira shi. Muka ce, "Mun sayar da ragon da muke kiwo, ga rabin kuɗin hayar nan tafe. In bayan haka har yanzu ranka na so, karanta takardar daga farko har ƙarshe. Tambaye su ko an taɓa ba mutum maganin, da wanda zai ɗauki nauyinka in abu ya ɓaci, kuma ka sani kana da ikon fita duk lokacin da ka ga dama." Ya ce, "To Baffa, zan yi tunani."

Har yau bai gaya mana abin da ya yanke ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Allah ya tsare mana shi, ya kuma saka wa waɗanda suka riga mu ɗanɗanawa.