Roje Mila da bencin ajinmu

Ni tela ne a Maraɗi. Ban yi lakkwal ba. Awon mutane duk cikin kai nike riƙe shi. Wata sallah na haɗa awon mutum biyu, na lalata shadda mai tsada. Sai da na biya. Matata ta ce: "Malam, ka shiga karatun manya mana." Na ce: "Ni da furfura in zauna benci da yara?" Daren nan ban yi barci ba. Can sai na tuna da Roje Mila.

An haifi Mila a Yawunde, ƙasar Kamaru, cikin 1952. Ɗan wasan gaba ne, aikinsa cin ƙwallo. Ya yi wasa a Duwala da Yawunde. Cikin 1976 aka zaɓe shi gwanin ƴan ƙwallon Afirka. Daga nan ya tafi Faransa, ya buga a Monako, da Bastiya, da Mompeliye. Tare da shi Kamaru ta ɗauki kofin Afirka cikin 1984 da 1988.

Da shekaru suka ja, sai ya koma wasa a tsibirin Reyuniyo, can tsakiyar teku. Kowa ya ce tasa ta ƙare. Amma cikin 1990 shugaban Kamaru, Pol Biya, ya nemi a tafi da shi wasan kofin duniya a Italiya. Shekarunsa 38.

Lokacin ina saurayi. Tele guda ce a unguwarmu, mu taru tsakar gida muna kallo. Ba da Mila ake fara wasa ba. Benci yake zama, sai wasa ya yi nisa a sa shi. Muna ta dariya muna cewa: "Ga baba nan ya shigo!" Baba ya ci Rumaniya biyu. Ya ci Kolombiya biyu. Ɗaya ma daga ƙafar mai tsaron gida ya ƙwace balo, ya ruga ya zura. In ya ci, sai ya je gun tuta ya taka rawa. Kamaru ta shiga cikin ƙasashe 8 na ƙarshe. Kafin ita, babu ƙasar Afirka da ta kai nan. Ingila ce ta fid da ita, ci 3 da 2.

Cikin 1994, a Amurka, ya sake cin ƙwallo, a wasansu da Rasha. Shekarunsa 42. An ci Kamaru 6 da 1, amma guda ɗin nan tasa ce. Bayan haka ya bar buga ma ƙasarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman bencin nan. Babban mutum, wanda duniya ta sani, ya zauna tsakanin ƙannensa yana jira a kira shi, bai ce an raina shi ba.

Da gari ya waye na je na ba da sunana. Malaminmu sa'an ɗana ne. Alli ya sha karye mini a hannu, ƴan aji sun sha dariya. Yau ina da littafin awo a shago. Wuya, hannu, tsawo, kowa da sunansa, ni ke rubutawa. Sallar bana ban lalata shaddar kowa ba.