Guzurin Mai Bin Kogin Isa

Wani ɗalibin nazarin harshe ya ƙudura bin kogin Isa cikin kwale-kwale daga Yamai zuwa Gaya, nisan kusan kilomita 300, yana kwana a tungayen masunta har wata uku. Ruwa ne ya zaɓa masa lokacin tashi: cikar da ke gangarowa daga ƙasar Gine tana tumbatsa a Yamai tsakanin Disamba da Janairu, da bazara kuwa duwatsu da yashi kan tare hanya.

Guzurin ciki bai ba shi wuya ba: gari, gishiri, gidan sauro, maganin zazzaɓi, birgi da ƙugiyoyi. Saboda dorina da rashin tsaro a gefen gandun dajin W, ya tsara zangonsa yadda dare ba zai riske shi nesa da mutane ba.

Harshe ne ya hana shi barci. Wajen Say Zabarmanci da Fulatanci ake ji, a Gaya kuma Dandanci da Hausa ke raba kasuwa. Baƙon da bai iya gaisuwar Sarkawa ba, ba a nuna masa inda giwan ruwa ke kwana, balle a faɗa masa sunan kowane irin ƙurungu. Ga shi inji yana korar filafili, kalmomin tuƙi suna bin tsofaffi kabari. Don haka ya rage buhun gari, ya ba na'urar ɗaukar murya da littattafan rubutu wurin da ruwa ba ya taɓawa.